Hitar ruwan zafi a gida: Shin akwai haɗari a kunna ta bayan ruwa ya ɗauke?

Daga watan Disamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa a kwarin Kogin Binuwai, sanyin asuba a Yola da Jimeta kan sauko ƙasa da digiri 20 a ma'aunin Salsiyas. Ga garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, wannan sanyi ne da ke sa kowa neman ruwan ɗumi domin wanka da alwala. A wannan lokaci ne ake tunawa da hitar bango da ta shafe watanni ba a taɓa ta ba, kuma a lokacin ne tambaya guda ke yawan tasowa a gidaje: idan famfo ya ɗauke, ko tankin sama ya ƙare, shin babu laifi a bar hita a kunne?

Amsar ta rataya a kan abubuwa biyu. Na farko, ko ruwa ya rufe ƙarfen da ke dumama shi. Na biyu, ko matsin da zafi ke haifarwa yana da ƙofar fita. Idan duka biyun sun tabbata, hita na iya dumama ruwan da ke cikinta ko da babu sabon ruwa mai shigowa. Sai dai da zarar ruwa ya ɗauke, mai gida ba shi da hanya mai sauƙi ta tabbatar da sharaɗi na farko. Saboda haka ƙa'idar da masu ƙera na'urar suke gindayawa ita ce a kashe ta har sai ruwa ya dawo.

Yadda ruwa da wuta ke isa gidaje

Jimeta ita ce cibiyar Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, yayin da tsohon garin Yola, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841, ke Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu. Hukumar Ruwa ta Jihar Adamawa na da matatun da ke jawo ruwa daga Binuwai, amma garin ya faɗaɗa fiye da inda bututun gwamnati ya kai. A unguwanni irin su Karewa, Dougirei, Jambutu, Bekaji da Damilu, gidaje da dama sun dogara ne da rijiyar burtsatse, ko tankar ruwa, ko 'yan garuwa masu tura kura.

Galibin gidajen da ke da hitar bango suna da tsari iri ɗaya. Injin yana jawo ruwa daga rijiya ya kai shi tankin roba da ke bisa ƙarafa, daga nan ruwan ya gangaro da nauyinsa zuwa banɗaki da kicin. Injin da hitar duka suna jiran wuta ɗaya, wadda Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Yola ke kawowa, kamfanin da ke kula da jihohin Adamawa, Borno, Taraba da Yobe.

A nan ne matsalar ke ɓoye. Idan aka ɗauke wuta na tsawon yini, iyali za su ci gaba da amfani da ruwa har tankin sama ya ƙare. Da tsakar dare wuta ta dawo. Injin jawo ruwa yana jiran wanda zai tashi ya kunna shi, ita kuwa hitar da aka manta makunninta a buɗe ba ta jiran kowa, nan take take fara aiki. Wuta ta iso kenan kafin ruwa, kuma mutanen gida suna barci.

Abin da ke cikin hitar bango

Hitar da aka fi sani a gidajen Najeriya tanki ce ta ƙarfe mai ɗaukar lita 15, 30, 50, 80 ko 100, an lulluɓe ta da abin da ke hana zafi fita. A cikinta akwai sassa huɗu da ya kamata a sani.

Na farko shi ne ƙarfen dumama ruwa, wanda masu gyara ke kira elemen. Siririyar waya ce da ke yin ja idan wuta ta bi ta cikinta, an saka ta cikin bututun tagulla ko na baƙin ƙarfe mara tsatsa, an cike tsakaninsu da wani farin gari da ke barin zafi ya wuce amma ya tare lantarki. Ƙarfinsa yawanci yana tsakanin wat 1,200 zuwa 2,500.

Na biyu ita ce na'urar daidaita zafi, wadda ke yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka saita, ta kuma mayar da ita idan ya huce. Yawancin hitoci na da makatsi na biyu da ke aiki idan ta farkon ta gaza.

Na uku shi ne ƙaramin bawul da ake ɗaurawa a bakin bututun ruwan sanyi. Aikinsa biyu ne: yana hana ruwan cikin hita komawa baya, kuma yana buɗewa ya zubar da ruwa idan matsi ya yi yawa. Shi ne mai ɗan ƙaramin hanci da ake gani yana ɗigar da ruwa lokacin da hita ke aiki.

Na huɗu sanda ce ta ƙarfen maganiziyam da tsatsa ke ci a madadin jikin tankin. Idan ta ƙare ba a sauya ba, tsatsar sai ta koma kan tankin kansa.

Ruwan sanyi yana shiga ta ƙasan tankin, ruwan zafi kuma yana fita ta wani dogon bututu da bakinsa ke can sama. Ruwan zafi ba ya fitowa da kansa, sabon ruwan da ke shigowa ne ke tura shi. Wannan ne dalilin da ya sa idan tankin sama ya ƙare, famfon ruwan zafi ma yakan tsaya, alhali hitar cike take.

Lissafin aikinta ba shi da wuya. Ɗaga zafin lita 50 daga digiri 25 zuwa 60 yana cin kusan yunit biyu na mita. Ƙarfe mai wat 1,500 zai yi wannan aiki cikin kimanin awa ɗaya da minti ashirin. Duk wannan zafi ruwa ne ke shanye shi. Idan babu ruwan, zafin ba shi da wurin zuwa sai jikin ƙarfen.

Abin da ke faruwa idan ruwa ya ɗauke

Idan an haɗa hita daidai, bawul ɗinta na da lafiya, kuma babu yoyo, to ɗaukewar ruwa ba ta zubar da abin da ke cikinta. Za ta dumama shi, na'urar daidaita zafi ta yanke wuta, a zauna lafiya. Asarar kawai ita ce ta kuɗin wuta, domin ana dumama ruwan da ba za a iya fitar da shi ba.

Amma akwai hanyoyi da dama da tankin ke rasa ruwansa ba tare da an lura ba. Mafi yawa ita ce komawar ruwa baya. Hita tana rataye ne a saman bango, famfunan gida kuma suna ƙasa da ita. Idan babu bawul mai hana komawa, ko yashi daga rijiya ya maƙale a bakinsa ya hana shi rufewa, to duk wanda ya buɗe famfon zafi yana neman ruwa ya buɗe wa iska hanya ne. Iska na shiga ta nan, ruwan hitar kuma yana zurarewa ta bututun sanyi zuwa famfon tsakar gida ko tankin masai. Mai ɗibar ruwan yana murna ya samu ragowar tanki, bai san hitar ce ke tsiyayewa ba.

Sauran hanyoyin sun haɗa da yoyo a gindin tanki, da zubar da ruwa domin gyara, da sabuwar hita da aka haɗa wa wuta kafin a cika ta. Na ƙarshen nan kuskure ne da ake yawan yi a sabon gini, inda mai haɗa wuta ke son gwada aikinsa tun kafin mai gyaran famfo ya kammala nasa.

Ƙarfen dumama da ya fito daga ruwa yakan ƙone cikin ɗan lokaci, wani sa'in ƙasa da minti ɗaya. Na'urar daidaita zafi ba ta cika cetonsa ba, domin an ƙera ta ne ta auna zafin ruwa, kuma iska ba ta isar mata da zafi da sauri. Idan aka yi sa'a, wayar ciki ta tsinke, hita ta daina aiki, a sayi sabon ƙarfe. Idan ba a yi sa'a ba, bututun da ke lulluɓe da wayar ne ke tsagewa, wayar kuma ta ci gaba da ɗaukar wuta. Lokacin da ruwa ya dawo ya taɓa ta, lantarki sai ya bi ruwan zuwa famfo da shawa. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, kuma mai wanka yana tsaye ne da jiƙaƙƙun ƙafafu a kan jiƙaƙƙen daɓe. Abin da ke tsakaninsa da halaka shi ne wayar da aka binne a ƙasa da kuma makatsin da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, irin mai miliyamfa 30. Gidaje da yawa ba su da ko ɗaya daga cikinsu.

Matsi da tururi

Haɗari na biyu ya shafi tankin da ke cike amma aka toshe masa kowace ƙofa. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Daga digiri 20 zuwa 60 yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, wato kusan kashi uku cikin huɗu na lita a tanki mai lita 50. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka dole wannan ƙari ya sami mafita. Ɗigar da ake gani a hancin bawul ita ce mafitar, kuma alama ce ta lafiya. Mai gyaran da ya toshe hancin da ƙusa ko ya cire bawul ɗin gaba ɗaya domin kada ruwa ya ɓata tayil, ya raba hitar da garkuwarta ta ƙarshe.

Bawul ɗin hitocin gida yakan buɗe ne idan matsi ya kai kwatankwacin na tankin da aka ɗaga sama mita 70 zuwa 80. Tankin gida bai cika wuce mita 10 ba, don haka bambancin yana da yawa. A irin wannan matsi ruwa ba ya tafasa a digiri 100 kamar yadda yake yi a tukunya. Yana iya haura digiri 160 yana nan a ruwansa. Idan na'urar daidaita zafi ta maƙale, makatsi na biyu ya gaza, bawul kuma a toshe, zafi da matsi za su ci gaba da hawa har ƙarfe ya tsage. A wannan daƙiƙa wani ɓangare na ruwan ke rikiɗewa zuwa tururi, kuma lita ɗaya ta ruwa tana zama tururin da ya kai kusan lita 1,700. Ƙarfin da ke fita yana iya rushe bango ya kuma ɗaga rufi.

Tarihin wasu ƙasashe ya nuna girman abin. A ranar 20 ga Maris 1905, tukunyar tururi ta fashe a wata masana'antar takalma da ke Brockton a Jihar Massachusetts ta Amurka, mutum 58 suka rasu. Wannan hatsari na cikin abubuwan da suka kai ga kafa dokokin ƙera tukwanen tururi a ƙasar. A ranar 19 ga Janairu 1982 kuma, hitar ruwan kicin ta fashe a wata makarantar firamare da ke Spencer a Jihar Oklahoma, ta kashe yara shida da malama ɗaya. Bincike ya gano cewa na'urar daidaita zafinta ta lalace, kuma bawul ɗin da ya kamata ya cece ta ba ya aiki yadda aka ƙera shi. Irin wannan fashewa ba ta faruwa sai kariya biyu ko uku sun gaza a lokaci guda, shi ya sa ba ta da yawa. Amma kowace kariya da aka cire tana matso da ita kusa.

Sauran nau'o'in hita

Hitar nan-take ba ta da tanki. Tana dumama ruwa ne yayin da yake wucewa, kuma tana da makunni na ciki da ke jin motsin ruwa. Idan ruwa ya tsaya, ita ma ta tsaya. Tana cin wuta sosai, daga wat 3,500 zuwa sama, don haka tana bukatar waya mai kauri da layinta na daban. Rauninta a gidajen da ke da tankin sama shi ne ƙarancin ƙarfin ruwa. Idan tanki ya kusa ƙarewa, ruwa kaɗan ke wucewa ta kan zafi mai yawa, sai ya fito da zafin da ke ƙona fata. Idan kuma makunnin cikin ya maƙale saboda datti, tana iya ƙonewa a bushe kamar ta bango.

Hitar bokiti, wadda ake saya a kasuwar Jimeta da kuɗi kaɗan, ita ce mafi yawa a ɗakunan ɗalibai da gidajen haya, kuma ita ce mafi ƙarancin kariya. Galibinta ba ta da abin da ke kashe ta. Idan aka ɗauke wuta, mai ita ya gaji da jira ya cire ta daga ruwa ya ajiye a kan tabarma ba tare da zare ta daga soket ba, dawowar wuta na iya zama mafarin gobara, musamman a hunturu da komai ya bushe. Idan kuma aka bar ta cikin bokitin roba har ruwa ya ƙafe, robar ce ke narkewa ta kama. Ƙa'idarta ita ce a saka ta cikin ruwa kafin a jona, a zare ta daga soket kafin a fitar da ita, kuma kada a tsoma hannu domin jin zafin ruwa alhali tana jone.

Butar lantarki ta zamani tana da makatsin da ke kashe ta idan ta tafasa ko ta bushe, amma yana aiki ne idan murfin a rufe yake kuma makatsin bai tsufa ba.

Hitar hasken rana ta dace da gari mai rana irin Yola, sai dai ita babu makunnin da ke kashe ta. Bututun gilashinta da babu ruwa a ciki na iya haura digiri 200 da tsakar rana. Idan aka sako musu ruwan sanyi a wannan hali, suna iya fashewa. Ana cika ta ne da sassafe ko bayan faɗuwar rana, kuma idan za ta daɗe babu ruwa, a rufe fuskarta da tampol.

Shawarar ƙasashen sanyi ba ta Yola ba ce

Wanda ya nemi amsar wannan tambaya a intanet zai tarar da bayanai daga Ingila, Jamus ko Kanada da ke cewa babu laifi tukunya ta ci gaba da aiki ko an rufe ruwan gida. Gaskiya ne, amma wata na'ura daban ake nufi. A waɗannan ƙasashe tukunyar tana dumama ɗakuna ne. Ruwa ɗaya ne ke zagayawa cikin rufaffen bututu daga tukunya zuwa ɗakuna ya dawo, ba a sha, ba a wanka da shi, kuma ba ya raguwa sai in akwai yoyo. Tana da ƙaramin tanki mai ɗaukar kumburin ruwa, da agogon da ke nuna matsi, yawancinsu kuma suna kashe kansu idan matsin ya faɗi. Hitar banɗaki ba ta da agogon matsi, ba ta da abin da ke sanar da ita cewa ruwa ya ragu, kuma a buɗe take ga duk famfunan gida.

Ruwan da ya daɗe a tanki

A Yola hita kan shafe watanni takwas ko tara a kashe. Ruwan da ya kwanta cikinta a zafin bazara yana tsakanin digiri 20 zuwa 45, wato zafin da ƙwayar cutar Lajiyonela ke yaɗuwa a cikinsa. An gano cutar ne bayan ɓarkewarta a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Tana shiga huhu ta hanyar feshin ruwa irin na shawa, ta haddasa ciwon huhu mai tsanani, musamman ga tsofaffi, masu shan taba da masu raunin garkuwar jiki. Zafin digiri 60 yana kashe ta. Sai dai ruwa mai wannan zafi yana ƙona fata cikin daƙiƙa kaɗan, ta yaro kuma ta fi saurin ƙonewa, don haka a riƙa surka shi kafin wanka.

Haka nan masu ƙera hita suna gargaɗin cewa iskar haidirojin, mai kama wuta, na iya taruwa a tankin da ya yi mako biyu ko fiye ba a buɗe famfonsa ba. Maganinta shi ne a buɗe famfon zafi na wasu mintuna, a nesa da ashana, sigari ko risho.

Ƙa'idar kashewa da kunnawa

Idan ruwa ya ɗauke, a kashe makunnin hita nan take, a kuma rufe famfon da ke shigar mata da ruwa. Haka ake yi idan an ɗauke wuta, ko za a kwanta barci, ko za a yi tafiya. Hitar da aka jona kai tsaye ba tare da makunninta na daban ba tana bukatar a sa mata shi, a wajen banɗaki, mai fitilar da ke nuna a kunne take.

Idan ruwa ya dawo, a fara cika tankin sama. Sannan a buɗe famfon shigar ruwa, a buɗe famfon zafi, a bar shi yana zuba. Da farko zai yi ta furzar da iska. Sai ruwan ya daidaita yana zuba ba yankewa na kusan minti ɗaya ne aka tabbatar tankin ya cika. A rufe famfon, sannan a kunna wuta.

Sau ɗaya a wata, a ɗaga ɗan hannun da ke jikin bawul a ga ko ruwa zai fito. Idan bai fito ba, a sauya bawul ɗin. Kafin shigowar hunturu, a sa mai gyara ya buɗe tankin ya fitar da yashi da farin dattin da ke daskarewa a jikin ƙarfe, ya duba sandar maganiziyam da wayar ƙasa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya ce ke da alhakin ingancin na'urorin da ake sayarwa, yayin da Hukumar Kula da Ayyukan Lantarki ta Najeriya, wadda aka kafa bisa dokar 2015, ke ba masu haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa. Mai gida na da damar neman ganin wannan takarda kafin ya ba da aiki.

Alamomin da ke nuna a kashe hita ba tare da jinkiri ba su ne tururi daga famfo, ƙarar tafasa ko bugu daga tanki, warin ƙonewar roba, da jin ɗan tsikarin wuta a jikin famfo. Idan tururi ya bayyana, a yanke wuta daga babban makatsi, a fitar da kowa daga wurin, a bar tankin ya huce da kansa.

Idan wuta ta kama mutum, a kashe babban makatsin gida kafin a taɓa shi. Idan ruwan zafi ya ƙona shi, a zuba ruwan sanyi mai tsafta a wurin na tsawon minti 20, ba ƙanƙara ba, kuma kada a shafa ƙwai, manja ko man goge baki. Ƙunar da ta shafi fuska, hannu ko al'aura, da duk wata babbar ƙuna a jikin yaro, ta asibiti ce, ko Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.